Daminar da Sa'idu Ya Hau Ɗorawa

Bana marka ta zauna mana a Malumfashi kamar ba ta da niyyar tashi. Wanki ya ƙi bushewa, ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya narke a cikin gwangwani. Ɗan filin da ke bayan ɗakina, inda na zuba kuɓewa da rama, ciyawa ta shanye shi tun ina cewa gobe zan duba. Da rana ta ɗan leƙo sai na ɗaura zani na tsuguna ina cira da hannu. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana mini dariya, wai Malama Hansatu da karatunki da komai, ba ki san ana sayar da maganin feshi a bakin kasuwa ba? Na ce na sani, na ci gaba da abin da nake yi. Ƙamshin saiwar harƙiya da jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ya riƙe ni a wurin, don ya mayar da ni wata damina da ban cika son ba da labarinta ba, daminar da ƙanena Sa'idu ya dawo daga daji.

Ƙauyenmu yana yamma da Funtua. Ba zan faɗi sunansa ba, waɗanda suka san shi sun san shi. A lokacin ina da shekara sha takwas, aka rufe makarantarmu ta kwana saboda 'yan bindiga, aka ce kowa ya koma gidan ubansa sai abin da hali ya yi. Na dawo da akwatina da haushina. Ni ce 'yar fari, Sa'idu ke bi na, yana da sha shida, sai ƙanana biyu da ba su san komai ba sai kuka da neman abinci. Gonarmu tana can ƙarshen gonakin gari, ta gangara har bakin rafi, kuma ta wannan rafin mutanen daji ke tsallakowa.

Ana gab da faɗuwar ruwa Baba da Sa'idu suka tafi sharar gona. Irin zafin bazarar nan ne da ke sa mutum ya ji haushin rigar jikinsa. Da hantsi muka ji ƙarar babura, sannan muka ji harbi. A gangaren gonar aka sami Baba, kusa da rafi, fartanyarsa a gefensa. Allah ya jiƙansa ya yi masa rahama. Sa'idu kuwa mutanen dajin suka tafi da shi.

Abin da aka yi kafin a karɓo shi ba zan tsaya ina jerawa ba. Shanun huɗarmu sun tafi, rumbu ya koma fayau, har keken ɗinkin Inna sai da ya bar gidan. Ana cikin wannan ruwa ya sauka. Inna tana takaba, ba ta fita, ƙasa kuma ta jiƙe tana jiran iri. Ni da ƙawayena biyu muka ɗauki sungumi muka je muka zuba masara a gurguje, ba huɗa ba komai, muna sara muna waige. Layukan suka fito a karkace kamar rubutun ɗan aji ɗaya. Da muka kai gangaren rafi ƙawayen suka ja suka tsaya, ban ga laifinsu ba. Ni kaɗai na shuka wajen, haƙorana a cije, domin nan ne zuciyar gonar. Baba yakan ce abin da gangaren nan ke bayarwa shi ke kai mu har wata damina, sauran gonar rakiya ce.

Masara ta fara fitar da kunne aka kawo Sa'idu a bayan a-kori-kura. Na san ƙanena da surutu, yaron da idan ya fara ba ki labarin ƙwallo sai kin roƙe shi ya bari. Wanda aka sauke mana ba ya magana. Ƙafafunsa sun kumbura, wuyansa ya zama siriri, idanunsa ba sa tsayawa wuri ɗaya. Idan aka ba shi abinci sai ya juya ya fuskanci bango, ya ci rabi, ya cusa sauran a aljihu. Ko babur ɗin liman ne ya wuce ƙofar gida, sai ka ga jikinsa ya sandare, abin da ke hannunsa ya faɗi. Yakan fita zuwa masallaci ya dawo, amma gida na ƙarshe ta yamma, inda hanyar gona ta fara, ba ya wuce shi. Masu zuwa jaje suka yi ta kawo shawara, wannan ya ce rubutu, wancan ya ce hayaƙi, wani ya ce a kai shi asibitin Funtua. An yi rubutun, an je asibitin, ƙafar ta warke. Abin da ya rage ni ban san sunansa ba a lokacin, na dai san ina tsoron ƙanena ya ƙare rayuwarsa a kan tabarmar zaure.

Sai marka ta shigo. Yunwar bazara daban, ta marka daban. Ta marka da sanyi take zuwa, ta shiga ƙashi. Da safe in dama kunu tsararo, ba sukari ba tsamiya, in raba wa ƙananan. Da rana in fita bayan gari in tsinko tafasa, in dafa in matse, in murmushe ɗan ƙuli-ƙuli a kai idan akwai. Da yamma idan ƙanin Baba, Kawu Isiya, ya aiko da ɗan tsaki sai a yi fate, idan bai aiko ba a sake komawa kan tafasa. Itace a jiƙe yake kullum, sai na hura wuta har idona ya yi ja kafin ta kama. Inna takan ce ta ƙoshi tun ba a sauke tukunya ba, ni kuma in yi kamar na yarda, in zuba mata in ajiye in fita. Yanzu idan ɗalibaina suka zubar da ragowar shinkafa a bakin aji, nakan buɗe baki in yi faɗa, sai in tuna ba su ga abin da na gani ba, in ce su dai share wurin.

Abin da ya fi yunwar ci mini rai ciyawa ce. Duk lokacin da na saci jiki na leƙa gonar sai in ga harƙiya da aya-aya sun ƙara tsawo, masarar ta fara yin ɗorawa-ɗorawa a cikinsu, ta siranta. Ba shanu, ba abin sayen magani, ba abin sallamar 'yan ƙwadago. Idan aka ƙara jinkiri, mun shuka wa ciyawa ke nan.

Ran nan na yafa mayafi na nufi rumfar da samari ke zama a tsakar gari. Ba su da yawa a lokacin, rabinsu sun tafi Funtua acaɓa ko dako, waɗanda suka rage su ne waɗanda ke da tsofaffin da ba sa iya tashi. Babbansu Lawwali ne, ɗan makaɗin garinmu, dogo mai yawan ba'a. Gangar ubansa tana rataye tun da dattawa suka hana kiɗa, don ganga tana jin nisa, tana kiran wanda ba a gayyata ba.

Na yi sallama na ce, "Lawwali, gayya nake so."

Ya dube ni, ya dubi abokansa. "Hansatu, gayya fa kika ce. Ina goron?"

"Babu."

"Tuwon fa?"

"Babu. Fura ma kada ka wahalar da bakinka."

"Yo to da me za ki kira mutane?"

"Da bakina. Ga shi kuwa na kira."

Wani ya tuntsire da dariya. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, domin a wurinmu kiran gayya ba abinci abin kunya ne babba. Lokacin Baba, idan ya kira gayya akuya yake yankawa, mata su kwana suna daka, makaɗi ya bi bayan manoma yana zuga su ɗaya bayan ɗaya har gonar ta ƙare kafin azahar. Amma ban sunkuyar da kai ba, na tsaya ina kallonsu har mai dariyar ya haɗiye abarsa.

Sai Lawwali ya ce, "Kowa a nan gonarsa haka take. To kowa ya zo da abin da zai ci a aljihunsa. Gobe taku, jibi ta wani, har mu zagaye. Ba ganga, ba waƙa. Sai dai fa a sami mai hawa ɗorawa."

A tsakiyar gonakin yamma akwai wata tsohuwar ɗorawa da ake hango har tsallaken rafi daga kanta. Dabarar ita ce a rataye ruwan tsohuwar galma a reshe, mutum ɗaya ya zauna da dutse a hannu yana kallo, da ya ga abin da bai gamshe shi ba ya buga. Ba mai son aikin. Na farko za a yi ta yi maka ba'a wai ka gudu daga noma, na biyu kai ne na ƙarshen saukowa idan abin ya zo.

Na dawo gida ina ba Inna labari a tsakar gida, ban ma lura Sa'idu na zaune a bakin zaure ba. Sai muka ji murya.

"Ni zan hau."

Muka juya tare. Inna ba ta kiran sunana, ni 'yar fari ce. Ta ce, "Ke, gaya masa ba inda za shi."

Ya ce, "Inna, ba zan iya duƙawa a gonar nan ba. Ranar nan kanmu a ƙasa yake, ni da Baba. Ba mu gan su ba sai da suka tsaya a kanmu. Ko a nan gida na sunkuya sai in ji kamar akwai mutum a bayana." Ya ɗago ya dubi Inna. "Amma kallo zan iya."

Tun da ya dawo bai taɓa haɗa magana mai tsawon wannan ba. Inna ta juya ta shiga ɗaki, muna jin kukanta. Da ta fito ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta dai miƙa masa tsohuwar rigar sanyin Baba, ta ce saman bishiya akwai iska.

Da safe muka fita ana yayyafi. Da muka kai gida na ƙarshe Sa'idu ya tsaya cak. Na buɗe baki zan yi magana, Lawwali ya harare ni, ya dafa kafaɗarsa ya shiga yi masa wata doguwar gardama a kan tantabaru, wai na gidansu sun fi na kowa tashi, wai na Sa'idu kaji ne aka yi wa ado. Sai ƙafar Sa'idu ta motsa. Haka aka ja shi da zancen tantabaru har gindin ɗorawa. Ya cire takalmi ya haye.

Ban taɓa ganin gayya irin wannan ba. Samari a jere, ba abin da kake ji sai sarar fartanya da numfashi da ɗigar ruwa a ganyen masara. Da babu ganga sai layin ya riƙa wargajewa, wannan ya yi gaba wancan ya yi baya, har Lawwali ya fara buga harshe a hankali yana ba su ƙa'ida, ƙas, ƙas, ƙas, su kuma suna bi. Mu 'yan mata muna biye muna kwashe ciyawar da aka sare muna kaiwa bakin gona, don a marka idan ka bar ta a ƙasa kafin gobe ta sake kamawa. Ƙasa ta manne mana a ƙafa, zani ya jiƙe ya yi nauyi, ciki ba komai sai kunun safe. Duk da haka wani daɗi nake ji, ina ganin masarar tana fitowa fili layi bayan layi.

Rana ta ɗaga, an ci kusan rabin tudun, sai ƙarfe ya ɗauki ƙara. Ƙwal! Ƙwal! Ƙwal!

Ba wanda ya tsaya tambaya. Fartanyu suka watse, kowa ya ari ta kare. Na ga ƙato ya tsallake ni, na ga wani ya faɗi ya tashi da laka har ido. Masarar da muka sha wahalar fitarwa muka bi ta kanta da gudu. Sai da muka shige gari, mata sun fara kwashe yara, sannan wani ya hango abin da ke tafe a hanyar rafi. Mai sayen kaji ne, wanda ke zagaya ƙauyuka da keji a bayan babur, yana tafe a hankali yana kaucewa taɓo, kajin na ta kuka.

Kawu Isiya ya fito da carbi a hannu, ransa a ɓace. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya cinye shi tun rasuwar ɗan'uwansa. Ya ce, "Wa ya ce ku ɗora yaron nan a can? Yaron da ya taɓu? Ga shi ya sa kun tattake abincin marayu, wancan ya yanke ƙafa. Ku bar shi a gida ya ji da kansa."

Kalmar nan ta "ya taɓu" ta soke ni. Na ce, "Kawu, da ranar da aka zo wa Baba an sami wanda ya taɓu a kan bishiyar nan, da yanzu yana tare da mu." Ba a yi wa babba haka, na sani, amma ta riga ta fita kuma ban bi ta na dawo da ita ba.

Lawwali ya shiga tsakani. "Kawu, ka yi haƙuri. Mu dai gara mu yi gudun banza sau goma da mu tsaya sau ɗaya a same mu. Kuma ai mun ƙaru, yau mun san wanda ya fi kowa sauri a garin nan." Ya nuna wani mai ƙiba da kullum ke cewa shi ba ya gudu. "Wannan da ke cewa gwiwa na damunsa, wallahi ni ƙurarsa kawai na gani, ga shi kuma damina ce."

Aka fashe da dariya, har wanda ya yanke ƙafa yana ɗaure ta da tsumma yana ƙyaƙyatawa. A nan na lura Sa'idu ba ya cikinmu. Na juya da gudu, samarin suka biyo ni.

Yana nan a kan reshensa. Dutsen na hannunsa, yatsunsa sun fashe suna jini. Na ce, "Sa'idu, me ya hana ka saukowa?"

Ya ce, "Sai da na ga kowa ya shige gari. Da na gama gani kuma sai na ga kaji ne." Ya sunkuyar da ido. "Ku yi haƙuri."

Lawwali ya ɗaga kai ya ce, "Haƙurin me? Ko akuya ka gani ba ka yarda da tafiyarta ba, buga. Kai, ku ɗauki fartanyunku, rana na yi." Kowa ya shiga neman tasa a cikin ciyawa. Mu 'yan mata muka bi masarar da aka tattake muna tayarwa muna danna mata ƙasa a gindi, wadda ta karye ta karye. A ranar aka gama tudun gonarmu. Gangaren rafi ne kawai ba a taɓa ba, aka ce rana ta yi, ni kuma ban matsa ba.

Daga nan gayyar ta zagaya gonakin mutane, Sa'idu na kan ɗorawa kullum. Da azahar kowa ya zaro abin aljihunsa, wani rogo, wani gasasshiyar gyaɗa, wani ba komai sai ya ce azumi yake, a yi masa dariya a gutsura masa. Sukan jefa wa Sa'idu nasa sama ya cafe. Na lura ya daina juya wa mutane baya idan zai ci. Ya sake buga ƙarfen nan a banza, aka sake gudu, aka sake dawowa ana zolayar juna. Sau ɗaya kuma ba a banza ba ne. Ya hango mutanen daji a jere can tsallaken rafi, muka bar gonar a guje, da yamma muka ji an kore shanun wata ruga da ke kudu da mu. Washegari ba wanda ya yi ba'a a hanya, amma ba wanda ya zauna a gida. Har yau idan na tuna yaran nan, waɗanda babbansu bai wuce ashirin da 'yan kai ba, suna tafiya gona shiru da fartanya a kafaɗa bayan abin da suka ji jiya, sai in ji ƙirjina ya cika da alfahari da su.

Da zagayen ya dawo kanmu, masarar tudu ta yi kore shar ta kai ƙugu. Ta gangare kuwa sai ka tsaya ka duba kafin ka gan ta a cikin ciyawa. Na san idan ta wuce wannan karon ta tafi, kuma abincinmu na shekara ya tafi da ita. Ranar an wayi gari da rana mai zafi bayan ruwan jiya, ƙasa na tururi. Samarin suka yi maimai a tudu, suka gangaro, suka kai inda ƙasa ta fara yin baƙi, sai suka tsaya suna gyara ƙotar fartanya da ba abin da ya same ta.

Na ce, "Lawwali, yaya dai?"

Ya matso ya rage murya. "Hansatu, a cikinmu akwai waɗanda suka ɗauko Baba daga wajen nan. Ba ƙi muka yi ba. Amma inda jinin mai gona ya zuba, bare ba ya fara sa fartanya. Na gida ya buɗe, mu bi bayansa."

Na ce, "Ni ba 'yar gida ba ce?"

Na fizge fartanyar hannunsa na shiga. Gaskiya ita ce ban iya noma ba. Na iya shuka, na iya zuba taki, na iya roro, amma Baba bai taɓa bari na riƙe fartanya ba, karatu ya tura ni. Na duƙa na shiga sara da zuciya, hawaye na zuba, ciyawa ta kai mini gwiwa, ban ma ganin abin da nake sarewa. Samarin na tsaye suna kallona. Sai muka ji ihu daga sama.

"Yaya! Masara kike sarewa!"

Na ɗago. "To me?"

"Wallahi kin kashe uku! Ki daina sara ta gindi, ki kwantar da fartanyar! Kai, Yaya, ga wata nan kin sake!"

Na ce, "Idan ka fi ni iyawa sauko ka yi."

Ban faɗa don ya sauko ba, haushi ne kawai. Sai muka ga reshe ya motsa, muka ga ƙafa ta leƙo, ya zamo a hankali har ya taka ƙasa. Ya tako ta cikin masarar tudu, yana tafe yana duban rafi, har ya iso inda nake. Ya miƙo mini dutsen.

Lawwali ya ce, "Bari in sa wani ya hau."

Sa'idu ya girgiza kai. "Yaya za ta hau. Ita ba ta wasa."

Wani ya ce haba, mace a kan ɗorawa? Na ce ya rufe idonsa idan abin ya dame shi. Da ma da wandon makaranta a ƙarƙashin zanina, na tattare zanin na ɗaure a ƙugu. Sa'idu ya raka ni gindin bishiyar yana gaya mini inda zan sa ƙafa, yana magana da sauri kamar yadda yake yi a da. "Kada ki kalli hanya kawai, ki kalli mashigin rafi, wajen dogayen gamba ɗin can. Idan kika ga balbelu sun tashi gaba ɗaya, buga. Kada ki kalle mu. Ko mene ne ya faru a ƙasa, kada ki kalle mu, Yaya. Ki yi mini alkawari."

Na ce, "Na yi."

Na hau da ƙyar, gwiwata ta goge, cinnaku suka yi mini maraba. Daga sama na ga abin da ya yi ta kallo duk kwanakin nan: rafin ya cika ya yi ja, gonakin da aka bari sun koma jeji, daji ya miƙe har inda ido ya gaza. Na gyara zama, na riƙe dutsen kusa da ƙarfen.

Ban ga Sa'idu ba, kunnena ne ya gaya mini komai. Na ji shiru mai tsawo. Na ji ya yi bisimilla. Na ji sara ɗaya, sannan shiru.

"Yaya, kina gani?"

"Ina gani. Ba kowa."

Sara biyu, uku. "Yaya?"

"Ba kowa, Sa'idu."

Sai na ji sauran fartanyun sun shigo bayansa, Lawwali ya fara buga harshensa, ƙas, ƙas, ƙas. Sa'idu ya sake kira na, na sake amsawa. Tsakanin kira da kira ya riƙa tsawo. Can na ankara ina jira ya tambaya bai tambaya ba. Muryarsa na jiyo daga can ƙasan gangaren, dab da ruwa, yana gaya wa Lawwali wai tantabarun gidansu ko katanga ba sa iya tsallakewa, samarin na dariya ƙasa-ƙasa.

Ba abin da nake so a duniya a lokacin kamar in sunkuyar da kai in ga ƙanena a duƙe a gonar ubanmu. Hawaye suka cika mini ido, na goge su da sauri da bayan hannu don kada su tare mini gani, na ci gaba da kallon rafin.